Laftof mai kai ɗaya: a daina yaudarar iyaye da lambar gigahaz



Duk shekara da zarar an buɗe rajistar JAMB, sai tallar laftof ta cika zaurukanmu na WhatsApp. Za ka ga hoton kwamfutoci jere a kan tebur, an goge su suna sheƙi, a ƙasa an rubuta: tokumbo ce tsaf, daga Landan, gudunta gigahaz 2.2, ta dace da ɗalibi. Sau da yawa mai tallar ɗan uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a Agege ko Idi-Araba, shi ya sa ba a cika tsare shi da tambaya ba. Uba ya ɗauko kuɗin da ya tara daga gadi, ko dako a Mile 12, ko tura ruwa a kura, ya miƙa, don yana so yaronsa ya saba da kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta a kwamfuta gaba ɗaya, don haka uban yana da gaskiya da ya damu. Bayan mako biyu yaron ya fara ƙorafi cewa kwamfutar tana sandarewa, in ya danna abu sai ya je ya dawo ba ta buɗe ba. Sai a ce shi ne bai iya ba, ko a ce ya cika ta da finafinai.

Yaron ba shi da laifi. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci furosesa mai kai ɗaya ce a cikinsu, kuma mu a ganinmu bai dace a ci gaba da sayar wa kowa irinsu da sunan kayan karatu ba. Lambar gigahaz ɗin da ake ɗagawa sama a talla ita ce igiyar da ake ɗaure mai saye da ita.

Furosesa ita ce 'yar guntuwar na'urar da ke yin duk lissafin kwamfuta. A cikinta akwai ɓangaren da ke karɓar umarni yana aiwatarwa, shi muke kira kai a nan, kamar yadda ake cewa murhun gas mai kai ɗaya da mai kai biyu. A Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba za ka ji suna cewa singil-kor da duwal-kor, abin da suke nufi ke nan. Kai ɗaya aiki ɗaya yake iya yi a lokaci guda. Idan ka ga kwamfuta mai kai ɗaya tana kunna karatu kuma kana rubutu a Word, ba tare take yin su ba. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ba ya gani. Ku tuna mai shayin da ba shi da yaro: yana soya ƙwai, ya juya ya yanka burodi, ya juya ya zuba ruwan zafi, ya juya ya ba da canji. Idan mutum biyu ne a benci ba wanda zai lura. Bari a sauko daga sallar asuba mutum goma su zauna lokaci guda, nan za ka ga ƙwai ya ƙone, kuma wanda ya zo shan ruwan bunu kawai, abin da bai wuce minti ɗaya ba, shi ma sai ya jira. Kowace juyawa da mai shayin ya yi tana cin lokaci, haka ita ma furosesa, duk tsallen da ta yi sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ɗauko wani.

Abin da kai na biyu ke kawowa shi ne yaron mai shayi. Idan wani aiki mai nauyi ya riƙe kai na farko, na biyu yana nan yana amsa kibod da linzami da sauti. Wannan shi ne bambancin da mai amfani da kwamfuta yake ji a hannunsa tun ranar farko: ita mai kai biyu ko tana shan wahala tana amsa ka, ita kuwa mai kai ɗaya sai ta yi shiru ta bar ka kana kallon wannan da'irar da ke juyawa.

To gigahaz fa? Gigahaz ɗaya na nufin agogon cikin furosesa yana bugawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa. Lambar gaskiya ce, ba mu ce ƙarya ake rubutawa ba. Amma yawan bugun agogo bai gaya maka yawan aikin da ake yi a kowane bugu ba, bai kuma gaya maka kawuna nawa ne suke aikin ba. Kamar a ce maka mota tana ƙugi da ƙarfi, ba a gaya maka buhu nawa take ɗauka ba.

Su kansu masu ƙera furosesa sun daɗe da barin wannan gasar. A farkon shekarun 2000 kamfanin Intel ya bi hanyar ƙara gudun agogo da Pentium 4 har ta kai gigahaz 3.8, sai zafi ya tsayar da shi. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa da gudun agogo, kuma don agogon ya ƙara gudu sai an ƙara ƙarfin wutar da ake ba ta, shi kuwa wannan ƙarin ninka kansa yake yi a lissafi. A 2004 Intel ya soke shirin fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4. Tun kafin nan ma, a 2003, injiniyoyinsa da ke Haifa sun fitar da Pentium M don laftof, wadda a gigahaz 1.6 take kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 ta laftof mai 2.4, tana kuma cin wuta kaɗan. Wato tun shekara ashirin da suka wuce an gane cewa ƙaramar lamba na iya kayar da babba. A 2005 AMD ya fito da Athlon 64 X2, Intel ya fito da Pentium D, duka masu kai biyu na kwamfutar tebur. A Janairun 2006 Core Duo ta shiga laftof, cikin wannan shekarar kuma Turion 64 X2 da Core 2 Duo suka biyo baya. Daga nan mai kai ɗaya ta koma kayan ƙasan layi, wanda ake sa wa kwamfuta mafi araha a shago. Waɗannan na ƙasan layin ne, bayan sun gama aiki a Turai da Amurka, ake lodo mana a kwantena, wani kuma ya goge su da man gilashi ya ce sun dace da ɗalibi.

Ga misalin da kowa zai iya riƙewa. Celeron 900 da Pentium T4200 duk 'yan 2009 ne, gida ɗaya suka fito, ƙira ɗaya, har gurbin da suke zama a allon kwamfuta iri ɗaya ne. Celeron 900 gigahaz 2.2 ce, kai ɗaya. T4200 gigahaz 2.0 ce, kai biyu. A tallar WhatsApp Celeron ce za ta fi kyan gani, don 2.2 ya fi 2.0, kuma wanda bai sani ba ita zai ɗauka, wataƙila ma ya yi murna ya samu babba a kuɗin ƙarama. Idan aiki ɗaya tak aka ba su, wanda ba ya rabuwa, ba wani abu kuma da ke motsi a bayan fage, Celeron za ta iya ɗan wucewa da abin da bai fi kashi 10 cikin 100 ba, gwargwadon bambancin agogon. Sai dai wannan yanayin babu shi a kwamfutar yau. Da ka buɗe Chrome, Windows ta fara sauko da sabuntawa, manhajar tsaro ta fara bincike, T4200 za ta bar ta a baya da tazara mai yawa. Haka labarin AMD V140 yake, gigahaz 2.3 a rubuce, kai ɗaya a ciki.

Masu kare wannan kasuwa suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su kafin a amsa.

Suna cewa yaro rubutu kawai zai koya da amsa tambayoyin gwaji, me zai yi da kai biyu? Wannan magana ta yi daidai a zamanin Windows XP, lokacin da kwamfuta ba ta yin komai sai abin da ka sa ta. Yanzu kiɗa ya canza. Kafin ka taɓa komai, Windows 10 tana da ɗimbin ayyuka da ke gudana a ɓoye, da mai duba ƙwayoyin cuta, da mai jera fayiloli don nema, da mai sabuntawa. Chrome tun fitowarsa a 2008 aka gina shi a kan raba shafuka zuwa ayyuka daban-daban, don ya ci moriyar kawuna da yawa. Shafin intanet ɗaya na yau, da tallace-tallacensa da bidiyon da ke kunna kansa, ya fi manhajoji da yawa na wancan zamani nauyi. Bidiyon darasi a YouTube kuma ana matse shi ne da sababbin hanyoyi irin su VP9, waɗanda tsofaffin kwamfutoci ba su da na'ura ta musamman da ke warware su, sai furosesa ta ɗauki nauyin da kanta. Mai kai ɗaya tana fara wannan aikin ta cika maƙil, hoto ya riƙa tsayawa murya na tafiya. Kuma wane yaro ne yau zai koyi kwamfuta ba tare da intanet ba? Cike fom ɗin makaranta, duba sakamako, buga takardar shiga jarrabawa, darasi ta Zoom, duk ta intanet ake bi.

Sai su ce to a sa mata Windows 7, ai tana tashi da sauri. Tana tashi, gaskiya ne. Amma Microsoft ya daina ba Windows 7 kariya tun 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya mata a lamba 109 a farkon 2023. Wanda ya shiga asusun bankinsa ko imel ɗinsa da irin wannan kwamfuta ya kwana ne ƙofa a buɗe. Ita ma Windows 10 an tsayar mata da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafi na yau da kullum. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, a rubuce take cikin sharuɗɗanta cewa sai furosesa mai kai biyu ko fiye, mai bit 64, da ram gigabait 4. Wato mai manhajar da kansa ya rufe wa mai kai ɗaya ƙofa. Akwai masu gyara da suka iya tsallake wannan shinge su cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cancanta ba, mai saye ya ga sabon fenti a sikirin ya ɗauka sabuwa ce. Doki dai tsoho ne, sirdi aka sake masa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta aljihu: da babu gara ba daɗi, talaka abin da ya iya saya ke nan. Ba mu raina wannan magana ba, mun san yadda ake samun kuɗi a garin nan. Amma a yi lissafi. Kwamfutar da ta shekara goma sha biyar batirinta ya mutu ko yana gab da mutuwa, sai an sayi wani. Ram ɗinta sau da yawa DDR2 ne, wanda an daina yayinsa, kuma ko an samu akwai iyakar da ba za ta wuce ba. Ƙananan nan da ake kira netbuk, masu Atom N270 ta 2008, gigabait 2 ne ƙarshensu, kuma bit 32 ce, manhajoji da dama na yau ba sa hawa kanta ko kaɗan. Ga zuwa wurin mai gyara, ga kuɗin mota zuwa Ikeja da dawowa, ga ranar aiki da aka rasa. Ƙarshenta bayan wata shida uban ya sake neman kuɗin wata kwamfutar, ita kuma ta farko ba mai saye sai 'yan gwangwan. Ya biya sau biyu. Da an gaya masa gaskiya tun farko, da ya ƙara haƙuri wata biyu ko uku ya cika kuɗin mai kai biyu, ko kuma ya biya wa yaron kuɗin koyo a cibiyar kwamfuta ta unguwa kafin nan. Har wayar Tecno ko itel da ke aljihun yaron, wadda kawuna huɗu ko takwas ne a cikinta, ta fi wannan laftof saurin buɗe shafi, duk da cewa kawunan waya ƙanana ne.

Akwai wata dabara da ya kamata a tona, don tana ruɗar har waɗanda suka ɗan san kwamfuta. Tun 2002 Intel ya fito da abin da ya kira Hyper-Threading, wanda ke sa kai ɗaya ya bayyana wa Windows kamar biyu. Mai sayarwa sai ya buɗe maka Task Manager ya nuna maka akwatuna biyu suna rawa, ya ce ka gani da idonka, biyu ce. Atom N270 haka take nunawa, Atom N450 ma haka, wasu Pentium 4 ma haka, alhali kai ɗaya ne a cikin kowace. Dabarar tana da amfani, tana cike 'yan gurabun da kai ke zaune yana jiran bayanai, amma shi kansa Intel ƙarin da ya yi iƙirari bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma a aiki mai dacewa ke nan. Mai shayi ne ɗaya aka ba shi tukunya biyu. Hannunsa dai biyu ne kamar da.

A wani wuri kam masu kare mai kai ɗaya suna da gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba: kai biyu ba ya nufin gudu ninki biyu. Wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya yi bayanin wannan tun 1967. A kowane aiki akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, dole a yi shi daki-daki. A ce aiki na minti 60 ne, minti 30 daga ciki suna rabuwa, 30 ba sa rabuwa. Kai biyu zai mayar da 30 na farko 15, sauran 30 na nan yadda suke, jimla minti 45. Ka samu ragin kwata, ba rabi ba. Mata sun fi kowa sanin wannan: ko murhu goma ka kunna, tukunyar wake ɗaya ba za ta nuna da wuri ba, abin da murhu na biyu ya ba ka shi ne miya ta dahu kafin waken ya sauka. Saboda haka ƙarfin kai guda yana da muhimmanci har gobe, kuma nan ne za mu juya kan ɗaya ɓangaren kasuwar.

Domin su ma masu sayar da mai kai biyu ba waliyyai ba ne. Tun da mutane suka fara tambayar duwal-kor, kalmar ta zama tambarin da ake manna wa komai. Core Duo ta 2006 kai biyu ce, amma bit 32 ce, kada a rikita ta da Core 2 Duo, lamba 2 ɗin nan ta tsakiya tana da nauyi. Celeron N3060 kai biyu ce, Core i5-6200U ma kai biyu ce, kusan sa'o'in juna ne a shekaru, amma i5 ɗin ta ninka Celeron ɗin a aiki, nesa ba kusa ba, domin kawunan Celeron N daga zuriyar Atom suke, an ƙera su ne don cin wuta kaɗan. Irin waɗannan ne ake yawan sakawa a cikin siraran laftof masu kyan jiki, masu launin azurfa, da ake kawowa fil a kwali. Mutum ya ga sabuwa ce a leda ya bar tsohuwar ThinkPad ko EliteBook ko Latitude mai i5, ya ɗauki wadda za ta ba shi ciwon kai. Sai kuma sitikar Core i7, wadda ake karɓar kuɗi mai yawa a kanta. Yawancin i7 na siraran laftof har zuwa zubi na 7, irin i7-7500U, kai biyu ne kacal. A zubi na 8, cikin 2017, i5-8250U ta zo da kai huɗu, ta wuce waccan i7 ɗin a duk aikin da ke rabuwa. Don haka i5 na iya fin i7, kamar yadda 2.0 ta fi 2.2. Kai biyu shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Daga nan sai a duba wane irin kai ne, kuma na wace shekara.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mai saye: sau da yawa jinkirin kwamfuta mai kai biyu ba daga furosesa yake ba. Tsohon had-disk mai faifai da ke juyawa da ƙarancin ram su ne ke riƙe ta. Core i3 ko i5 mai kai biyu, in aka sa mata SSD da ram gigabait 8, za ta yi wa ɗalibi da mai shago da mai buga takardu aiki shekaru ba ƙorafi. Ita mai kai ɗaya ko an sa mata SSD, tashi kawai za ta yi da wuri, da ka buɗe shafi uku ta koma gidan jiya.

Batun wuta ma a nan Legas ba ƙarami ba ne. Wasu na zaton kai biyu zai sha batir ninki biyu. Ba haka lissafin yake ba. Core 2 Duo P8600 an ƙayyade zafinta a wat 25, Celeron 900 mai kai ɗaya wat 35. Celeron M ma an cire mata dabarar rage gudu lokacin da ba aiki, wadda ake kira SpeedStep, don a bambanta ta da masu tsada, sai ta riƙa gudu a banza ko ba ka taɓa ta ba. Furosesar da ke gama aiki da wuri ta koma hutawa ta fi wadda ke maƙale a kashi 100 cikin 100 tsawon yini adana batir. Ga zafin garinmu, ga ƙura a fanka, ga ɗaki ɗaya da mutum biyar ke kwana. Kwamfutar da ke ƙugi a cinyar yaro tana kashe kanta saboda zafi, wutar janareta ta awa biyu da aka samu da dare ta ƙare a jira.

Yanzu ga masu kyauta. Mun sha ganin mai hali, ko ɗan siyasa da zaɓe ya matso, ya sayo irin waɗannan kwamfutoci da yawa a farashin sari, ya kai makarantar unguwa, a jera yara a ɗauki hoto, a yi kabbara. Allah ya saka wa mai kyakkyawar niyya. Amma duk wanda ya leƙa irin waɗannan ɗakunan bayan shekara ya san abin da zai tarar: an tara su a kwana an rufe da tabarma. Malamin da aka ɗauko ya gaji da ajin da rabin lokacinsa ke tafiya a jiran kwamfuta ta buɗe, yara kuma sun tashi da tunanin cewa kwamfuta abu ne mai wahala da ban haushi. Guda biyar masu aiki sun fi ashirin na hoto. Wanda zai bayar don Allah ya tambayi wanda ya sani kafin ya biya, kuma shugabannin makarantu su daina jin kunyar tambayar me ke cikin abin da aka kawo musu.

Kuma ina waɗannan matattun suke ƙarewa? A hannun 'ya'yanmu dai. Tun 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta fitar da rahoto a kan Legas, inda ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa duk wata, kuma har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Su waye ke fasa tarkacen nan, suna ƙona waya don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin roba da dalma? Kowa a cikinmu ya san amsar, matasan da suka zo daga gida neman na kansu ne, 'yan jari-bola da muke gaisawa da su kullum. Kayan da Bature ya ƙi biyan kuɗin zubarwa a ƙasarsa, mu muka saya da kuɗinmu a matsayin laftof, sannan ƙannenmu suka shaƙi gubarsa a matsayin bola.

Abin da muke nema a zaurukanmu ba mai wuya ba ne. Duk wanda zai tallata laftof ya rubuta cikakken sunan furosesa da lambarta, kamar Core i5-6200U ko Celeron 900, ya rubuta ram, ya faɗi ko SSD ce ko had-disk, ya faɗi awa nawa batir ke yi. Tallar da ta ce Intel kawai, ko gigahaz kaza kawai, masu kula da zaure su sauke ta har sai an cika bayani. Ɗan kasuwa na gari ba abin da zai rasa a wannan, shi ma hutu ne gare shi daga rigimar dawo da kaya. Wanda ya ji haushin sharaɗin kuwa, ya gaya mana dalili a fili.

Kai kuma mai saye, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. A Windows 10 da 11 za ka ga layi biyu a ƙasa, Cores da Logical processors. Na farkon shi ne kawuna na gaskiya, shi za ka duba. In ka ga 1 a nan, ko da na biyun ya nuna 2, ka ajiye ta ka yi sallama. In Windows 7 ce a kai, rubuta msinfo32 a wurin nema, layin Processor zai faɗi adadin. Sitikar da ke jikin kwamfuta ba shaida ba ce, ana sayar da irinta a kasuwa. Ka kwafi lambar furosesar ka nema a wayarka, shafin Intel ko na AMD zai gaya maka shekararta da kawunanta. Sannan ka ce a haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ka buɗe bidiyo a YouTube, ka buɗe shafi huɗu a gefe, ka buɗe Word ka yi rubutu minti biyar kana kallon ko haruffa na fitowa lokacin da ka danna su. In mai shago ya ce ba lokaci, akwai shago na gaba.

Wanda kuma ya riga ya saya, kafin ya jefar ya kai wa mai gyaran da ya amince da shi. A laftof da yawa masu Celeron 900 furosesar a gurbi take zaune ba a liƙe ba, ana iya cire ta a sa T4200 ko T4500 ta hannu, a share fanka, a sake man sanyaya, kwamfutar ta ɗan farfaɗo ta yi aikin rubutu da karatu, musamman in aka sa mata Linux mara nauyi a madadin Windows. Masu Atom kuwa a liƙe furosesarsu take da allo, ba a canza ta, kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai ƙara mata gudu.